Daga Nima zuwa bakin teku: ruwan da Zango ya ba wa baya

Daga kasuwar Nima da ke Accra zuwa inda igiyar ruwa ke dukan yashi, tafiyar ba ta wuce kilomita biyar zuwa shida ba. Mai ƙarfin ƙafa zai taka ta tsakanin Azahar da La'asar har ya huta a hanya. Duk da haka ba abin mamaki ba ne ka samu tsohuwar da ta shekara arba'in tana tuyar ƙosai a Mamobi, ta aurar da 'ya'ya, ta goyi jikoki, amma ba ta taɓa tsoma ƙafarta a ruwan gishiri ba, kuma ba ta ganin ta yi asarar komai. A Zango, wato unguwannin Musulmi baƙi irin su Nima da Mamobi, zuwa teku harkar yara ce da samari, ita ma sai washegarin Sallah. Sauran kwanakin shekara hankali yana Arewa, can inda albasa da shanu da gero ke fitowa, can inda kowa ke cewa nan ne asalinsa ko da a Accra aka yanke wa kakansa cibiya.

Ba laifin Zango ne kaɗai ba, birnin ma haka aka gina shi. Wanda ya san Lome ya san babban titin nan da ke bin gaɓa, kana cikin mota kana kallon ruwa da itatuwan kwakwa. A Accra kuwa baƙon da ya zo daga Kano ko Maraɗi zai iya yin mako guda yana zirga-zirga tsakanin Nima da Circle da Makola da Madina bai ga ruwan ba. Tsofaffin sansanonin Turawa sun tare gaɓar, ga tsofaffin gidajen yari, ga barikin soja, ga ofisoshin gwamnati, ga otal-otal masu doguwar katanga, ga juji. Mai son ganin teku sai ya ɗaura niyya ya tafi nemansa.

Ranar idi, Musulmin Accra kan je har bakinsa ba tare da sun kula ba. Dandalin 'Yanci, wanda Kwame Nkrumah ya gina a 1961, bayansa teku ne, kuma a nan ne Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya daɗe yana jan sallar idi, shugaban ƙasa ko mataimakinsa na halarta. Iska mai gishiri tana kaɗa manyan riguna, ana sallamewa kowa ya naɗe dardumarsa ya nufi gida. Sai washegari yara su karɓi ragama.

Bakin ruwan Labadi ake dosa. Wasu su bi ta tashar 37 su hau motar haya da ake kira trotro, wasu su bi Ring Road su ratsa shataletalen Danquah, wasu ƙungiyoyin samari kuma su yi karo-karo su ɗauki hayar mota sukutum. A ƙofa ake fara ciniki, don shiga sai da kuɗi, ranar biki kuma kuɗin kan tashi. Kana wucewa ciki sai kiɗa ya tarbe ka daga kowace rumfa, kowa da nasa lasifikar. Ga 'yan mata da sabon ɗinki da lalle a hannu, sun tattare zane zuwa gwiwa, igiya na zuwa su watse da ihu, tana komawa su bi ta. Ga masu dawaki suna jan ramammun dawakinsu da aka yi wa ado, a ɗora yaro a zagaya da shi a ɗauki hoto. Mai kwakwa da addarsa, sara uku ya fille mata kai ya miƙo maka, ka shanye ka mayar masa ya tsaga ta biyu ka kankare na ciki. Mai tsire kuwa, wanda a nan ake ce wa cicinga, in ka yi masa sallama da Hausa da wuya ya rasa amsa maka da ita. Kujerun da ke ƙarƙashin lema ba na Allah da Annabi ba ne: ka zauna, sai ka sayi wani abu. La'asar na yi za ka hangi 'yan samari sun koma gefe, sun shimfiɗa tawul ko kwali, ɗaya ya shige gaba.

Malamai ba su cika son wannan fita ba, kuma sukan faɗa a wa'azi tun kafin Sallah. Dalilinsu biyu ne. Na farko cakuɗuwar maza da mata da giyar da ake sha a fili. Na biyu shi ne ruwa yana ci. A ganina na biyun ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, kuma shi ne aka fi wucewa da sauri. Ɗan unguwar masunta irin Chorkor ko Teshie cikin ruwan nan ya tashi, tun yana rarrafe yake shan gishirinsa. Ɗan Nima kuwa babu kogi a unguwarsu, babu wurin koyon iyo, sau ɗaya ko biyu a shekara yake ganin ruwa mai yawa, ya shiga da ƙarfin hali saboda abokai na kallo. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Abin da ke ɗauke mutane a gaɓar Ghana ba zurfi ba ne kawai. Ruwan da igiya ta turo kan yashi dole ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru a wani siririn wuri ya kwarara cikin teku da ƙarfi. Wurin kan yi kama da inda ya fi kwanciya, babu farin kumfa sosai, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi kokawa da shi gaba da gaba, gajiya zai yi kafin ya kai tudu. Masana iyo sun ce a bi gefe, a jere da gaɓa, har a fita daga jan, sannan a juyo. Masu ceto ba su da yawa, wuraren da ake shiga kyauta ma sau da yawa babu ko ɗaya. Kusan duk babban hutu, ko Sallah ko Ista ko Kirsimeti, sai an ji labarin gidan da aka tafi da yaro aka dawo da takalmansa.

Abin da yawancin yaran nan ba su sani ba shi ne Zangon Accra a gefen teku ya fara. Kafin a san Nima, Musulmi baƙi suna zaune ne a tsohon gari, wajen da ake kira Zongo Lane da Cow Lane, ɗan taƙi kaɗan daga Ussher Town. Malam Naino, mutumin Katsina, yana cikin waɗanda suka kafa wannan zango a ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo kuma shi ya ja jama'a suka ƙetare tafkin Korle suka kafa Sabon Zango wajen 1912. Cikin mazauna zangon akwai tsofaffin sojojin da Kyaftin Glover ya ɗauka don yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874, waɗanda Turawa ke kira Hausawa ko da wasunsu ba Hausawa ba ne. Akwai fataken da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa. Babban abin da ya jawo su kudu shi ne goro. Wanda a da ake ɗora wa jakuna a yi wata da watanni tsakanin Gwanja da Kano, sai ga shi ana loda shi a jirgin ruwa daga Accra zuwa Legas cikin 'yan kwanaki. Attajirai irin su Cif Braimah da wannan safara suka yi suna. A lokacin Accra ba ta da tashar da babban jirgi zai matso, can nesa yake tsayawa, matuƙa kwale-kwale su yi ta dakon huhunan goro da buhunan koko suna keta igiya. Haka aka yi ta yi har aka buɗe tashar Tema a 1962. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Futa ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, wurin da a wancan zamani makiyaya ce a bayan gari.

Saboda haka ɗan Zangon da ya je Jamestown, a tsohon garin, ba yawon buɗe ido ya je garin wasu ba. Ka tafi da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai zanen ja da fari, ita za ka fara hange. Wadda ke tsaye yanzu ginin shekarun 1930 ce, tsayinta mita 28. Kusa da ita James Fort ne, wanda Ingilishi suka gina a 1673, gaba kaɗan kuma Ussher Fort na mutanen Holan, tun 1649. Can gabas, a Osu, akwai na mutanen Denmak, wanda ya zama fadar gwamnati har 2013. An tsare bayi a waɗannan gine-gine kafin a loda su a jirgi, kuma da yawan bayin daga Arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin na Salaga. Wannan ɓangare na tarihin ba a cika son tayar da shi a majalisa ba, amma yana nan. A James Fort aka ɗaure Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, aka fito da shi ya karɓi gwamnati. Gidan ya ci gaba da zama kurkuku har 2008.

A wani lungu da ake kira Brazil Lane akwai gidan mutanen Tabom, 'yantattun bayin da suka dawo daga Birazil a 1836, shekara guda bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a Bahia cikin watan azumi. Da yawansu Musulmi ne, sun zo da sana'ar ɗinki da haƙar rijiya, sarakunan ƙabilar Ga suka ba su wurin zama. Zakaran damben nan Azumah Nelson daga zuriyarsu yake. Dambe kuwa a wannan yanki gado ne: Bukom na nan kusa, unguwar da ta fitar da su Ike Quartey, inda za ka ga yaro ɗan shekara goma yana dukan buhu a bakin titi. Bikin zane-zane na Chale Wote ma a titin Jamestown ya fara a 2011, kuma masu zanen bango na Nima, irin su Moh Awudu, sun bar hannunsu a katangun wurin.

Gangara ƙasa wajen masunta. Kwale-kwalen nan dogaye ne, an sassaƙa gindinsu daga gungumen itace guda, an yi musu fenti kala-kala, wannan da ayar Baibul, wancan da tutar wata ƙasa ko tambarin ƙungiyar ƙwallo. In jirgi ya iso, mata ne ke tarbarsa da manyan kwanonin silba, don cinikin kifi a hannunsu yake, wasunsu ma su ne suka ba da kuɗin mai. Maza na zaune a inuwa suna ɗinkin koma, zare a baki, ƙafa ta danne gefe guda. Kada ka je ranar Talata ka ce za ka ga wannan: al'adar masuntan Ga ta hana shiga teku a ranar. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan kan yi sanyi, ƙananan kifayen da ake kira amane su taso da yawa, lokacin ne kakar masunta. Sai dai kowane tsohon masunci zai gaya maka kifin ya ja baya ƙwarai, manyan jiragen kamfani sun share ƙasan ruwa, su ma ƙananan sun yi yawa. Sabuwar tashar masunta da ƙasar Sin ta ba da kuɗin ginawa an buɗe ta a 2024, bayan an rushe rumfuna da matsugunan mutane da dama a 2020 don a samar mata wuri.

Kifin da bai sayu ɗanye ba, Chorkor yake tafiya. Tun daga nesa hayaƙi zai sanar da kai ka iso. Murhun banda na wannan unguwa ya yi suna har a wajen Ghana: a 1969 aka ƙirƙiro shi, da haɗin gwiwar matan wurin da cibiyar binciken abinci ta ƙasa da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne ko bulo mai kusurwa huɗu, a jera farantan katako masu ragar waya ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka, itace kaɗan ya yi aiki mai yawa. Kifin bandar da ake dakawa a yajin shito, wanda ake zuba wa wake da shinkafa kowace safiya a Nima, daga irin waɗannan murahu yake fitowa. Wadda ba ta taɓa ganin teku ba ma kullum yana cikin tukunyarta.

Tsakanin Jamestown da Chorkor ne tafkin Korle ke zuba cikin teku, kuma a nan ne ya kamata ɗan Nima ya tsaya ya daɗe, ko da ya toshe hanci. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ba a unguwa take ƙarewa ba. Tana gangarawa ta haɗu da kogin Odaw wajen Circle, Odaw ya wuce ta Agbogbloshie da Old Fadama ya shiga Korle, Korle ya amayar a teku. Ledar fiya wata da aka jefa a kwata bayan Magariba, da robar abinci, da tsumman jariri, duk nan suke fitowa, igiya kuma ta dawo da su kan yashi. Ga ƙari daga kasuwar gwanjo ta Kantamanto, inda ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma ba sa sayuwa, shara suke zama. A bakin ruwan Jamestown za ka ga tsummokara sun nannaɗe juna sun zama igiyoyi masu kauri, rabi a binne cikin yashi, mutum biyar ba sa iya jawo ɗaya. Masunci ya jefa koma ya jawo wandon wani Bature. Kusa da nan ne kuma wurin da aka yi wa laƙabin Lavender Hill don ba'a, inda motocin kwasar masai suka shekara da shekaru suna juye kayansu kai tsaye cikin ruwa, kafin a gina matatar da ta karɓi aikin.

Mutanen manyan unguwanni suna son ɗora wa Zango wannan ƙazanta gaba ɗaya, kuma wannan rashin adalci ne. Odaw daga unguwanni da yawa yake kwaso kayansa, har da na masu hali. Nima kuma an bar ta ta cika ba tare da tsari ba, lunguna da yawa motar shara ba ta iya shiga, mai babur mai ƙafa uku, wato aboboya, da ke zuwa kwasa kuɗi yake karɓa, wanda ke neman na koko da safe kuwa lissafi yake yi. Amma mu ma kada mu yi wa kanmu ƙarya. Kowa ya san abin da ke faruwa da zarar hadari ya haɗu: a fito da kwandunan shara a juye a kwata, a ce ruwa zai tafi da shi. Ruwan kuwa ba kullum yake tafiya da shi ba. Daren 3 ga Yuni 2015 magudanu suka toshe, Circle ta cika, mai ya malalo daga wani gidan mai da mutane suka fake a ciki, wuta ta tashi a kan ruwa, fiye da mutum 150 suka rasu. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya yi alkawarin mayar da Accra birni mafi tsafta a Afirka. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don gyaran yankin Odaw, Nima na cikin unguwannin da aka lissafa. Wanda ke son sanin inda aka kwana, ya je bakin Korle bayan ruwan farko na damina ya duba da idonsa.

Sakamakon duk wannan shi ne gaɓar Accra ta rabu biyu: inda ake sharewa ana biya, inda ba a biya ba a sharewa. Talaka ya zaɓa. Babban shirin Marine Drive, wanda aka ce zai mayar da eka 241 daga fadar Osu zuwa wajen kasuwar masu sassaƙa wurin shaƙatawa na zamani, an aza harsashinsa a ƙarshen 2017, har yau allunan talla sun fi ginin yawa. Ko an gama ma, tambayar da ta dame ni ita ce ko mai tallan koko da 'ya'yanta za su samu ƙofar shiga. A 2024 an ga yadda mutane ke jin zafin wannan batu, lokacin da asusun fansho na ma'aikata, SSNIT, ya nemi sayar da kashi 60 na hannun jarinsa a wasu otal-otal, ciki har da Labadi Beach da La Palm, ga kamfanin wani minista mai ci a lokacin. Aka yi zanga-zanga, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki, aka fasa cinikin.

Mai sauran ƙarfi ya ci gaba gabas. Bayan Labadi akwai filin harbin soja na Teshie, inda aka harbe tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa, a Yunin 1979. Motoci na wucewa ta gefensa kullum ba mai waiwaye. A cikin Teshie ne kafintoci ke ƙera akwatunan gawa masu siffar kifi ko mota ko barkono ko jirgin sama, gwargwadon sana'ar mamaci, aikin da Kane Kwei ya shahara da shi tun shekarun 1950. Mu da muka saba da likkafani da makara sai mu riƙe baki, amma aikin hannu ne na gaske, har gidajen tarihi na Turai sun saya. Daga nan sai Nungua, sai Sakumono da bakin ruwanta da ake ce wa Titanic, sai Tema.

Ni dai ɓangaren yamma na fi so. Ka wuce Dansoman, inda teku ya ci gidaje a Glefe har sai da aka jibge duwatsu aka tare shi, ka hau hanyar Kasoa ka sauka ka gangara Bortianor. A bakin ruwan Bojo sai an ɗauke ka a kwale-kwale an ƙetare ruwan Densu kafin ka taka yashin, wanda ya fi na cikin gari tsafta nesa ba kusa ba. Kokrobite na gaba, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar birni, garin masunta ne da ya zama matattarar makaɗa da 'yan rasta da Turawa masu jakar goyo. Daren Asabar ba wurin mai iyali ba ne. Safiyar ranar aiki kuwa babu hayaniya, sai masu jan koma a jere suna waƙa, in ka kama musu igiya ba za su hana ka ba.

Ga mai niyyar kai iyalinsa, shawarata kada ya jira washegarin Sallah. Ya zaɓi ranar aiki a lokacin rani, ya fita bayan Asuba, ya tambayi masuntan wurin inda ruwa ke ja kafin kowa ya cire takalmi, kada yaro ya wuce inda ruwa ya kai masa gwiwa, kuma a tafi da buhun da za a dawo da shara a ciki. Limamanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango kuwa, da sarakunan Zango da shugabannin samari, roƙona gare su shi ne wa'azin da ake yi kan bakin teku kafin Sallah a ƙara masa babi biyu: yadda ake kuɓuta daga jan ruwa, da hukuncin wanda ya juye shararsa a kwata.